Sule Biyu na Alƙali Haliru

Shekara sha tara makullin na hannuna.
Ɗaki ne ƙarami, bayan zauren Ƙungiya,
in ka baro Rijiyar Ɗorowa ka karkata dama,
inda mai facin taya ke aron inuwarmu.

Adakoki bakwai na ƙarfe,
gafaka huɗu, jar fata, jimar garin nan,
da kanta guda wadda gara ta karance tsaf
tun ban zo ba.
Ita kaɗai ce ɗalibar da ba ta taɓa fashi ba.

Kundin farko ajami ne, tawadar ƙaro,
hannun wani Ladan mai jan wasali kamar yana jin haushinsa.
Nan anka rubuta: mu tara ne,
alƙalai huɗu, muhuti uku, magatakarda biyu,
mun yarda mu zauna ran Alhamis bayan la'asar
mu auna hukuncin juna kafin a auna mu.
Wanda ya makara, tara: sule biyu.

Zama na uku, shugaba ya makara.
Alƙali Haliru, da kansa.
Gulbi ya kawo, jirgin fito ya ƙi shi a Kwalkwalawa.
Sunka ce uzuri ne, malam, a yafe.
Ya ce, wa ya sa uzuri cikin dokar? Ni na shibta ta.
Ladan, rubuta.
Ladan ya rubuta.
Aljihu babu ko anini, an ce sai mako,
mako bai same shi a duniya ba.

Daga nan bashin ya kama tafiya.
Ya ƙetare daga ajami zuwa boko,
daga dama ya koma hagu bai ɓace ba.
Ya shiga tafireta wadda ba ta san lanƙwasa ba,
mai maida ƙara kara, ƙasa kasa.
Ya ga zuwan lauyoyi da baƙar riga da hular gashi,
ya ga rigimar kujera, shekarar da anka yi shugaba biyu,
ya ga daminar da rufi ya tsiyaya kan kundin gado
har rabon wata fadama ya narke ya koma laka.
Kowace Muharram ma'aji kan buɗe sabon shafi,
layin farko: Alƙali Haliru, sule biyu, ba a biya ba.
Ni ma sau sha tara na sa shi da hannuna.

Alhamis ɗin da ta wuce muna gardamar man janareta,
da wa zai biya yaron da ke ɗaukar hoton takardu,
sai ga Lauya Ige Boɗinga ta miƙe.
Ba ta cika magana a zama ba.
Ta ce, kakan uwata ne.
Bashin mamaci ake fara fiddawa kafin gado,
mu ko mun ci gado, mun sha ruwa.

Zaure ya ɗauka.
Wani ya ce sule ya mutu, da me za a kimanta?
Wani ya ce da damen gero na wancan zamani.
Wani ya jawo littafi, wani ya jawo wanda ya fi shi kauri.
Har anka kira magariba ba a tsai da magana ba.

Ita dai ta kwance bakin gyale,
ta aje su kan tebur, guda biyu,
sun yi baƙi, kan sarkin ya shafe.

Na rubuta: an biya.
Alƙalami bai yi gardama ba, ni ne na daɗe.

Muharram saura wata biyu.
Na sayo sabon kundi, na ja layi,
na zauna ina duban na farkon.
Ban san wa zan sa ba.