Hancin Aro

Tun zazzaɓin bara hancin mahaifina ya rufe ƙofa.
Shekara arba'in yana haɗa jan ruwan inabi
a gangaren nan mai kallon kogin Douro,
yau ga shi zaune gaban ganga uku
kamar makaho a marina.

"Graciete," ya ce, "ara mini naki."

Na ɗebo daga ta farko,
ta inabin kan tudu, inda dutse ke toya tafin ƙafa.
Na juya kofi, na shaƙa, na kurɓa.
"Yana ɗaure harshe, Baba,
kamar baƙon da bai iya gaisuwa ba."
Ya gyaɗa kai. "Shi ne ƙashi. Zuba rabi."

Ta biyu daga bakin ruwa take,
ga laushi, ga ƙanshin nunannen ɓaure,
tana dariya tun ba a gama labari ba.
"Tsoka ke nan. Kada ki sakar mata fuska."

A ta uku kalma ta ƙare mini.
Kurangar da Mama ta dasa ce bayan rijiya,
gindi sha tara, ba wanda ya san sunan irinsu.
Ya jira.
Na ce, "Aljihun rigarta:
masoro, busasshen ganye, ɗan hayaƙi."
Ya daɗe yana duban saƙar gizo a bango.
"Ludayi biyu. In ta fi haka
ita kaɗai za ta yi magana."

Da dare na gasa ɗan akuya da tafarnuwa da man zaitun,
dankali a ƙasan kasko yana shan romo.
Custódio maƙwabci ya shigo da cukun tumaki,
yana rantsuwa kifi ya fi dacewa.
Baba ya ce kifi a wannan kofi
nutsewa zai yi, duk iya iyonsa.

Kitse ya kwance ɗaurin harshe.
Gishirin cuku ya tono zaƙin da ya ɓuya.
Baba na tauna a hankali,
na san ba ya jin komai,
idonsa na kan fuskata.
Da na lumshe ido a kurɓa ta uku
sai ya ajiye wuƙa, ya dubi Custódio:

"Bana ta yi.
Miƙo burodin nan."