Abin da Faifai Bai Gani Ba

Mu goma sha ɗaya ne a rumfar Alhaji Mumuni,
bayan masallacin Aboabo, inda kwata ke bi ta wuce.
Tun asuba faifai na kan cinya.
Gyaɗar Tamale ta zubo kamar tsakuwar rafi,
mu bi ta ɗaya bayan ɗaya:
mai baƙin ciki gefe, fasasshiya gefe,
wadda ta motse kamar kuncin kakata, ita ma gefe.
Shekara tara ina wannan.
Idona kan gane ruɓa tun ba ta yi wari ba.

Buhu ɗari huɗu muka ɗinke bana.
Mota ta kai su Tema, jirgin ruwa ya haɗiye.
Alhaji ya yanka rago tun kuɗi na hanya,
ni ko na ci bashin kwanon rufi wurin Maame Konadu,
na ce mata, da zarar jirgi ya sauke.

Jirgi ya sauke.
Takarda ce ta fara dawowa.

Sharifu ya karanta mana a tsaye, yatsa na bin layi.
Wai akwai dafi a gyaɗar,
dafin fumfuna, ba wari, ba ɗaci,
suya ma ba ta kashe shi.
Wai ma'auninsu huɗu ya yarda da shi,
tamu ta kai goma sha tara.
Na ce huɗun me, tiya ko cokali?
Ya ce, Inna, ɗigo huɗu ne a cikin tankar ruwa.

Fuseina ta ja tsaki.
Ta ce wanda ya ƙoshi shi ke ganin tsakuwa a tuwo,
ba sa son saye ne, suka fake da awo.
Muka yi dariya, iya baki.

Ran Talata wata yarinya ta zo daga ɗakin gwaji,
Sarpomaa, farar riga, Hausarta ta kasuwa.
Ba ta ko kalli faifanmu ba.
Bango ta shafa, ta nuna mana danshi a tafinta.
Ta ce Kumasi damina biyu gare ta,
buhu kuwa ba ya son jingina.
Ta ce a sa katako a ƙasa, a shanya a kan tamfal,
a gwada kowane kaya kafin ya tashi.
Da ta faɗi kuɗin gwaji ɗaya
na lissafa a zuci: tsintata ta wata biyu.

Har ta rataya jaka, sai ta juyo.
Waɗanda kuke warewa fa, ina suke zuwa?

Ba wadda ta ɗaga kai.
Ai su ne cikon ladanmu.
Kowace yamma kwano guda a ƙullin zane,
mu soya, mu niƙa, mu matse mai,
ƙuliƙuli ya tafi ƙofar makaranta,
saura ya shiga miya.
Jikana Sumaila da shi ya yi haƙora.

Buhunan da suka dawo ba a ƙone su ba.
Wa ke ƙona dukiya yana kallo?
Daren Juma'a aka loda su zuwa Kejetia, rabin kuɗi,
kafin Litinin ko ƙwaya ba ta rage ba.
Garin nan ya cinye abin da teku ta tofar,
ya lashe yatsa.

Ba na jin haushin yaron can na ƙetare
da ban san sunansa ba.
Shi an tsayar masa da mai gadi a bakin ruwa,
da kwalba, da ma'auni, da hatimi.
Nawa, ni ce mai gadinsa,
ni da idon da nake taƙama da shi.

Yanzu ga ruwa ya sauko kan sabon kwanon
da ban gama biya ba.
Kasko na wuta.
Sumaila ya matso, ya miƙo hannu.
Na zaɓi ƙwaya mafi kyau, na ɗaga ta gaban fitila,
na juya ta, na sake juyawa,
shi kuwa hannunsa na nan a buɗe.