Ƙusa Uku a Shingen Maƙwabci

Asabar ce a Sheffield, gari ya wayi da yayyafi,
irin wanda ba ya cika kwata, sai dai ya ratsa ƙashi.
Nazifi ya shigo shiru, ƙwallo a hammata,
ya zauna kamar wanda ruwa ya ci.
Uwarsa ta dube ni, na dube shi.
Ɗan shekara goma sha biyu bai iya ɓoye laifi ba tukuna,
ta ido yake tsiyayowa.

"Katako biyu ne kawai, Baba. Da ma sun ruɓe."
Na ce, ko sun ruɓe, a tsaye ka same su.
Sa takalminka.

Taku ashirin ne zuwa ƙofar tsohon,
yaron ya yi su kamar mai zuwa Makka a ƙafa.
Ban ƙwanƙwasa masa ba.
Ƙafar da ta yi ɓarna, bakinta ne zai yi bayani.

Pickersgill ya fito da sanda da kofin shayi,
tsohon ma'aikacin ƙarfe mai yatsu tara,
na goman ya bar shi a masana'anta tun ban zo duniya ba.
Ya saurara har ƙarshe.
Bai ce ba komai ba, don da komai.
Ya ce, ku zo da hannuwanku, guduma ina da ita.

A nan asirina ya tonu.
Ni ɗan Ɗanjuma kafinta na Gumel,
wanda ƙofofinsa har yau ba su fara kuka ba,
na guje wa zarto, na ɓuya a cikin littafi,
na ce garin katako bai dace da farar riga ba.
Yau ina haɗa magani a asibiti, ana ce min ranka ya daɗe,
amma ƙusar farko da na buga sai ta durƙusa,
ta biyu ta yi tsalle cikin ciyawa,
ta uku kuwa, gudumar ta bar ta
ta zaɓi babban yatsana.

Nazifi ya kalle ni.
Na san kallon nan,
kallon ɗa ranar da ya fara hango iyakar ubansa.
Zuciya ta ce, ɗora wa gudumar laifi.
Na haɗiye zafin yatsa da zafin rai,
na ce, ban iya ba, dattijo.
Koya mana, mu biyu.

Ya ajiye kofinsa a kan bulo.
"Riƙe ta daga gindi, ba kaza za ka shaƙe ba.
Daina kallon yatsanka, hannu ido yake bi.
Fara da lallashi har ta kama,
sannan ka yi mata faɗa."
Harshen na Turawa ne,
amma wallahi maganar ta mahaifina ce,
wadda na toshe wa kunne shekara talatin.
Ta zaga ta teku, ta tare ni a bayan gida.

Kafin magariba shingen ya miƙe,
sababbin katako biyu suna haske kamar haƙoran Makka.
Tafin Nazifi ya yi bororo, bai nuna wa kowa ba.
Ya fasa asusunsa, fam takwas da 'yan canji.
Tsohon bai ce bar shi ba.
Ya karɓa, ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya,
ya miƙa masa hannu kamar yadda ake miƙa wa magidanci.

Da dare, ina jiƙa yatsa a ruwan gishiri,
ya ce, "Baba, Kaka ya iya yin tebur?"
Na ce, wanda na yi karatu a kansa, shi ya yi shi.
Na kira ƙanena Lurwanu a Gumel, na tashe shi daga barci:
akwatin aikin Baba yana nan?
Ya ce yana nan ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa.
Na ce, a shafa masa mai.