Zanen da Kaka Barau Ya Bari

A shagon Davou mai yanka gilashi, can Titin Bauchi,
na kwance zanin da aka naɗe shi.
Kaka Barau ne ya bari.
Shekara sha tara yana kukun Baturen kuza,
ranar tafiya aka sallame shi da wannan, da butar shayi.
Butar ta fashe tun ina goye.

Gara ta cinye sunan mai zanen,
ta bar mana lamba huɗu a kusurwa: 1868.
Lokacin Jos ba ta zama Jos ba,
duwatsu ne, da acca, da shingen ƙerana.

Ban san ƙasar ba. Ban san sunan bishiyar ba.
Ta dai cinye rabin allo ita kaɗai,
ta shimfiɗa inuwa kamar mai jiran baƙi.
Shanu uku. Yaro ya kife hula a fuska,
barcinsa ya haura shekara ɗari da hamsin
babu wanda ya ce masa tashi.
Kogi ya lanƙwasa kamar lauje,
ruwan har sanyinsa nake ji a haƙori.

Sai can, can nesa,
inda ido ke gajiya,
gari.
Bai fi farcen babban yatsa ba.
Rufin gidaje kamar an watsa wa kaji tsaba,
gada da ba a ƙarasa ba,
hayaƙi siriri yana koyon tashi.

Amma dubi inda ya zuba hasken.
Ba kan bishiyar ba.
Son garin yake, ko tsoronsa?
Wataƙila irin kallon da uwa ke yi wa ɗa
ranar da takalminta ya yi masa kaɗan.

Davou ya sa yatsa cikin ciyawa, ya ce, kin ga nan?
Kututture. Sabon sara, fari fat.
Shekara talatin ina wuce shi a bangon zaure
ban taɓa gani ba.

Daga ƙofar shago ana hango duwatsu,
kwanon rufi yana hawansu da rarrafe.
Tifa ta wuce da tsakuwa,
jiya ma dutse ce, mata suka farfasa da guduma.
Na buɗe baki zan yi tsaki
sai na tuna filina na Lamingo,
da ɗorawa biyu da na biya aka sare
don harsashi ya miƙe.

Davou ya auna, ya sake aunawa,
ya soke fensir a bayan kunne.
Firam ɗin da ke akwai ya gaza da yatsa biyu, Hajiya.
Ta ina zan rage,
ta gefen bishiya ko ta gefen gari?

Na ce bari in sake dubawa.
Yaron bai farka ba.
Hayaƙin, ina ji, ya ɗan ƙara tsawo.