Jan Ganye a Aboabo

Littafin ya zo mana cikin kwali,
kyauta daga wata ƙasa mai nisa,
yana warin jirgin ruwa.
Na buɗe shi ranar Talata,
yara ashirin da shida a kan tabarma,
ruwan Oktoba na dukan kwanon rufi
kamar ɗan koyon kalangu.

Shafi na uku: bishiya tsirara,
ganyenta ja sun zube ƙasa,
wani yaro cikin rigar sanyi yana birgima a kai.
Na ce, "Kun ga kakarsu."
Sumaila ya miƙa wuya:
"Malama, ina take? Ni ban ga tsohuwa ba."
Aji ya kece da dariya.
Adiza ba ta yi ba.
Ta shafa hoton da ɗan yatsa, ta ce,
"Bishiyar nan ba ta da lafiya,
a kai ta asibiti."

Na leƙa taga.
Mangwaron makaranta kore shar,
ayaba ta sunkuya da goyonta.
To, me zan ce musu?
Na rufe littafin.
"Ranar Juma'a za mu yi bikin tamu kakar.
Kowa ya zo da abin da ƙasa ta haifa."

Juma'a, tun ba a kaɗa ƙararrawa ba
teburina ya koma kasuwar Asawase.
Doya biyu, ɗaya ta fi mai ita ƙiba.
Rogo da ƙasarsa. Gyaɗa a ƙullin leda.
Akosua 'yar mai ɗinki ta rungumo ɗan itacen koko
daga gonar kakanta,
Sumaila ya ce, "Koko babu ƙosai?"
Fuseini ya ajiye taliyar kanti,
ya rantse a gona aka tono ta.
Na karɓa.
Ba a korar baƙo ranar biki.

Muka yayyanka kwalin nan da ya haye teku,
kowane abu muka raɗa masa suna da baƙin alƙalami.
D, doya. R, rogo.
Gyaɗa ta ba mu wahala:
ɗ ɗin nan mai lanƙwasa a ka,
Adiza ta ce ɗankwali ya ɗaura.
Muka rera, muka tafa,
masara na fashewa a tukunyar Iya mai shara,
wani ya yi fitsari, wani ya yi kuka,
biki dai ya yi biki.

Mumuni ne ya zo a makare.
Wata biyu ke nan yana ajina,
ban san kalar muryarsa ba.
Uwarsa na sayar da wake da shinkafa a tasha,
tun asuba suke gaban murhu.
Ya shigo jiƙe, ƙafa duk taɓo,
riƙe da ɗan dami a ƙirji:
ganyen karan dafi,
wanda ke rina musu tukunya.

Bai kula doya ba, bai kula ni ba.
Ya wuce kan kanta, ya sauko da littafin,
ya lasa yatsa, ɗaya, biyu, uku,
ya kwantar da ganyensa kusa da bishiyar.
Launi ya sami ɗan'uwansa.

Hannuna na rawa na ɗauki guntun kwali,
na rubuta baƙi ɗaya, wasali ɗaya.
Ya dube su. Ya daɗe.
Ruwa ya tsagaita kamar shi ma yana jira.
Ya ɗora yatsa a kan na farko,
ya ja shi zuwa na biyu.

"Ja."

Muryar ashe kaura ce, kamar ta babban mutum.

Yau wata huɗu.
Doyar mun cinye, an soya da barkono.
Taliyar Fuseini na nan, ba ta tsiro ba.
Ganyen yana shafi na uku,
ya bar wa takarda tabo,
kuma duk wanda ya buɗe wurin
sai ya ji ƙamshin hayaƙi da wake.