Aljihun Eduvigis

Shekara bakwai kwarin Limarí bai ga ruwan kirki ba.
Eduvigis ta sayar da cuku huɗu a Ovalle,
ta ɗauro buhun ƙwayoyin alfalfa bayan jaki.

Awaki suka yi caa a kan kwano,
ban da Canela mai cikin wata huɗu.
Ta sansana, ta yi atishawa,
ta juya baya kamar an zage ta.

Aka jiƙa da ruwan ɗumi, ta ƙi.
Aka barbaɗa gishiri, ta lashe gishirin kawai.

Da almuru tsohuwa ta zauna kan dutse,
ragowar ƙwayoyi cikin aljihunta,
sai ga hanci mai sanyi yana lalube.

"Au, na sata kike so?"

Tun ranar aljihu ya zama akushi.