Shiru Ma Magana Ce

Shekara sha tara ina auna rijiyoyin Adar,
igiya a kafaɗa, littafi a aljihu.
Na san inda ruwa ke kwana a gaba talatin,
na san inda dutse ke yi wa mahaƙi dariya.
Da kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa
aka ɗora yaron da na koya wa riƙon ma'auni.

Ban tanka ba. Sai ran shayi, a bayan biro,
darakta ya ce, yana hura kumfa:
"Arzika, aikinka ba shi da aibi,
amma ɗan Rundawa ya sa hannu a takardar hakimai?"
Mutum huɗu suka ji.
Huɗun suka duƙufa kallon kofunansu.

Baba Nomau planto shi ne lauyana na farko.
Ya ce, "Hawaye ba sa shiga dosiye. Rubuta.
Ka fara da wanda ya cuce ka, haka tsarin yake,
ka roƙi hannun da ya mare ka ya duba tafinsa.
Kwafi uku. Tambur a kusurwa. Kwanan wata.
Kada ka fito sai da resepise,
wanda ba shi da ita bai taɓa zuwa ba."

Madam Zuwera ta buga hatimi ba ta ɗago ba.
Tawadar ta yi rauni, na ce ta ƙara.
Ta ƙara, da ƙarfin da ba na takarda ba ne.

Daga nan sai ƙidaya.
Kuluwa na soke kwanaki a kalandar kantin magani,
don wa'adi maciji ne mai kai biyu:
ka yi gaggawa, a ce ba ka jira amsa ba,
ka makara da yini guda, a ce ka yafe.
Amsa ba ta zo ba.
Ashe doka ma ta san karin maganar kakanni,
shirun darakta shi ne a'a ɗinsa,
kuma da wannan a'ar ake hawa mataki na gaba.

Motar asuba daga Tawa: Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
dosiye a ƙirji kamar jinjiri mai zazzaɓi.
A Yamai, hawa na uku, aka ce ina shaidu.
Na farko an yi masa canjin wurin aiki.
Na biyu yana da ƴaƴa shida a lakwal.
Na uku ya ce buta na tafasa, bai ji da kyau ba.
Bube direba kaɗai ya dangwala yatsa,
ya goge a wando, ya ce Allah na nan.

Magatakarda ya juya maganar zuwa Faransanci,
ya karanta mini: mahaifinsa na sayar da nama.
Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan ai sana'a ce, ina zagin?"
Na buɗe baki in fassara masa shekara ɗari,
na ga layi biyu kawai aka bari a takardar.

Lambata ɗari huɗu da sha bakwai.
Kwamiti zai zauna. Yaushe? Za a sanar.
In sun ƙi, akwai alƙali. In ƙafa ta kai.

Na koma bakin rijiyoyi. Ruwa bai tambaye ni asali ba.
Da yamma nakan zauna a rumfar yayana, Ɗan Jimma,
inda yake naɗe balangu da tsofaffin takardun gwamnati
da yake saye a kilo.
Kafin ya yayyafa yaji, nakan karɓi kowace,
in ɗaga ta ga fitila, in duba.

Har yau dai
ban ga sunana ba.